Ranar da Muka Yi Murnar Ba Za a Yi wa Kawu Aiki Ba

A nan Garwa kalmar "rediyo" ma'ana biyu gare ta. Akwai wadda nake cin abinci da ita, wato akwatin da ke magana, akwai kuma wadda likita ke tura ka ka yi in ƙirjinka ya dame ka, domin a bakin masu Faransanci hoton ƙirji ma rediyo ne sunansa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe yana tsokanata da wannan. Ranar da ya dawo daga asibiti da wata ƙatuwar ambulan a hammata sai ya miƙo mini, ya ce, "Kai ɗan rediyo, ga 'yar'uwar sana'arku, karanto mana labaran duniya." Na ɗaga hoton wajen hasken taga, ban ga komai ba sai haƙarƙari da wani ɗan farin gajimare a sama ta hannun dama. Muka yi dariya, aka kawo shayi.

Shekara talatin da 'yan kai Kawu ya yi yana jan babbar mota, yana kwasar auduga daga ƙauyukan Gidar da Pitowa, yana kai kaya Ngaundere. Goro da sigari su ne abokan hirarsa a hawan dutsen nan na kafin Ngaundere, inda gyangyaɗi ɗaya ya isa ya kai direba lahira. Tari ya kama shi a hunturun 2018. Gwajin majina bai nuna ƙwayar tibi ba, amma hoto ya yi kama da tibi, sai aka ɗora shi a kan maganin wata shida. Ya shanye tsaf, bai tsallake rana ko ɗaya ba. Tari yana nan, rama kuma sai ƙaruwa take yi. Daga nan ne aka ce a yi sikana, daga sikana aka ce mu nufi Yawunde.

A can, bayan an tsakuro ɗan nama an auna, likita ya zaunar da mu, ni da Inna matar Kawu. Ya ce ciwon daji ne na huhu. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ba za su yi masa aiki ba. Inna ta ɗaga hannu sama ta ce Alhamdu lillahi. Ni ma na sauke ajiyar zuciya, na fita baranda na buga waya gida na yi albishir. Har waina aka soya aka yi sadaka a unguwarmu. Na tuna irin kallon da likitan ya yi mana, amma a ranar ban gane ma'anarsa ba. Wata huɗu bayan haka muka kai Kawu makwancinsa, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Sai da na zauna haɗa wani shirin lafiya, bayan shekara guda, na fara bin tarihin wannan aikin da muka yi murnar kuɓuce masa. Abin da na tarar shi ne nake so in ba mai karatu.

Wanzamanmu na dauri sun yi kaciya, sun yi ƙaho, sun yi tsaga da sakiya, sun cire belu, amma ba su buɗe ƙirji ba. To, su ma likitocin Turai haka suka tsaya a bakin ƙirji har ƙarshen ƙarni na 19, alhali sun riga sun saba da fiɗar ciki. Dalilin kuwa shi ne huhu ba ya buɗe kansa da kansa. Ƙirji ne ke jan sa, kamar yadda maƙeri ke jan zugazugi. Da zarar an huda bangon ƙirji iskar waje ta shiga, sai huhu ya motse kamar salkar da aka tsiyaye, majinyaci ya shaƙe a gaban mai wuƙa. A 1904, wato shekara 3 bayan Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi, wani matashin likitan Jamus mai suna Ferdinand Sauerbruch ya fito da wata dabara a birnin Breslau. Ya gina ɗaki da aka rage ƙarfin iskar cikinsa, aka sa gangar jikin majinyaci da likitoci a ciki, kan majinyacin kuma yana waje ta wata kafa. Dabarar ta yi aiki, sai dai wahalarta ta yi yawa. Abin da ya gaje ta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: a zura roba ta maƙogwaro a riƙa hura wa huhu iska. A 1949 Eric Carlens na ƙasar Suwidin ya ƙera roba mai hanya biyu, wadda daga baya ta ba da damar a kwantar da huhu ɗaya ana aiki a kansa, ɗayan kuma yana numfashi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ciwon da ya koya wa likitoci shiga ƙirji. Tarin tibi ne. A 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar, ranar 24 ga Maris, shi ya sa har yau muke shirin musamman a wannan rana. Gano ƙwaya daban, samun magani daban, domin sai da aka shafe shekara 60 da ɗoriya kafin maganin farko ya samu. A tsakanin nan likitoci suka ce tunda ba su iya kashe ƙwayar, bari su hutar da huhun. Carlo Forlanini na Italiya ya kawo shawarar a riƙa ɗura iska cikin ƙirji da gangan don huhu mai ciwo ya kwanta. Wasu suka riƙa cire haƙarƙari da yawa don ƙirji ya lotsa ya danne ramin ciwon. Wasu ma ƙwallayen roba suka riƙa cusawa a ciki. Aiki ne mai ban tsoro, mutane da yawa sun fito da ƙirji a karkace har ƙarshen rayuwarsu, amma a nan ne hannun likitoci ya faɗa, suka san hanyoyin jinin huhu kamar yadda Kawu ya san kwanonin hanyar Ngaundere. Da aka gano streptomycin a 1943, isoniazid kuma ya biyo baya a 1952, sai tibi ya koma ciwon ƙwaya da allura. Likitocin ƙirji suka waiwaya, suka tarar da wani ciwon yana jiran su.

A 1912 wani likita a New York, Isaac Adler, ya tattara duk rahotannin dajin huhu da ya iya samu a littattafan likitanci na duniya, ya samu 374 kacal. A wannan shekarar ce Hugh Morriston Davies ya cire wa wani mai dajin huhu sashe ɗaya na huhunsa a Landan, mutumin ya rasu bayan kwana 8 saboda mugunya da ta taru a ƙirji. Amma injin naɗe sigari ya riga ya fito tun wajen 1880, yaƙin duniya na ɗaya kuma ya raba wa sojoji taba kamar abinci. Yau ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 2.5 ke kamuwa a shekara, wajen miliyan 1.8 kuma ke mutuwa.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na likitoci biyu ne a Amurka. Na farko James Gilmore, likitan mata a birnin Pittsburgh, ɗan shekara 48. Ya yi watanni yana fama da tari da zazzaɓi ana ɗaukar abin a matsayin nimoniya ko ƙurji a huhu. Ku lura, likita ne fa, a ƙasar da ke da kayan aiki, shi ma sai da aka yi ta lalube. Daga bisani ya je asibitin Barnes da ke St. Louis wajen na biyun, Evarts Graham, aka tsakuro nama aka tabbatar daji ne a huhun hagu. Gilmore ya nemi izini ya koma gida kafin a yi aikin. A 'yan kwanakin nan ya yi abu biyu: ya je aka cike masa haƙoran da suka rube, ya kuma sayi filin kabari. Duk lokacin da na ba da wannan labari a rediyo sai wani ya bugo ya ce ai wannan Bature ya san tawakkali, ya ɗaure raƙuminsa ta fuska biyu.

Ranar 5 ga Afrilun 1933 Graham ya buɗe ƙirjin da niyyar cire sashe ɗaya, sai ya ga ciwon ya kama bakin babbar hanyar iska. Nan take ya yanke shawarar cire huhun hagu ɗungurungum, abin da ba a taɓa yi wa mai daji a zama ɗaya ya tashi ba. Gilmore ya tashi. Ya koma Pittsburgh ya ci gaba da karɓar haihuwa shekaru da dama da huhu ɗaya.

A 1950 Graham da wani ɗalibinsa, Ernst Wynder, suka wallafa binciken da ya duba masu dajin huhu 684, ya nuna alaƙar ciwon da sigari. A Ingila Richard Doll da Bradford Hill suka fito da irin wannan sakamako a shekarar. Shi kansa Graham mashayin taba ne na gaske, kuma da farko bai yarda da zancen ɗalibin nasa ba. Ya daina sha daga baya, amma aikin gama ya gama. Ya rasu a watan Maris na 1957 da dajin huhu, irin wanda ya riga ya bazu, wuƙar da ya koya wa duniya ba ta da abin da za ta yi masa. Cikin waɗanda suka je duba shi a kwanakinsa na ƙarshe har da Gilmore, wanda ya ƙara shekara 6 a duniya bayansa, ya rasu a 1963, kusan shekara 30 bayan an cire masa huhu.

Shi ma Sarkin Ingila George na 6, mahaifin Sarauniya Elizabeth, an cire masa huhun hagu a cikin fadar Buckingham ranar 23 ga Satumban 1951, kuma ba a gaya masa sunan ciwon ba. Ya rasu a Fabrairun 1952. Ashe ɓoye wa majinyaci sunan ciwonsa ba mu muka fara ba. Mu ma Kawu "sanyi ne ya yi yawa" muka riƙa ce masa, ko da yake ina zaton ya gane, kara kawai ya yi mana.

Tun daga zamanin Graham, tarihin wannan aiki tarihin rage yanka ne. A ɗauki huhu a matsayin gida irin namu. Na dama sassa uku gare shi, na hagu biyu domin zuciya ta ci masa fili, kowane sashe kuma da ɗakuna a ciki, kowane ɗaki da hanyar iskarsa da ta jininsa. Graham gidan ya rushe baki ɗaya. Zuwa shekarun 1950 da 1960 likitoci suka fahimci cewa in ciwon bai tsallaka ba, cire sashe ɗaya ya wadatar, muddin an kwashe 'yan ƙululun kaluluwa da ke tsakiyar ƙirji an auna su. Mutum ya fi samun numfashi, mutuwa a gadon aiki kuma ta ragu. Clement Price Thomas, wanda ya yi wa Sarki George aiki, shi ne tun a 1947 ya fara wata dabara irin ta tela: in ciwo ya kama tsakiyar hanyar iska, a yanke wurin kamar yadda ake rage hannun riga, a ɗinke bakin sama da na ƙasa, huhun da ke lafiya ya tsira. Akwai kuma cire ɗaki ɗaya kawai, da ɗan yanka mai kama da yankan kankana, wanda ake yi wa wanda numfashinsa ba zai ɗauki babban aiki ba.

An daɗe ana gardama a kan ko ƙaramin yanka ya isa. Wani babban bincike a Amurka a 1995 ya nuna ciwon ya fi dawowa a wurin har ninki uku in aka taƙaita yankan, don haka cire sashe guda ya zama ƙa'ida kusan shekara 30. Sai a 2022 likitocin Japan suka fito da sakamakon gwaji a kan mutum 1,106 masu ƙullutun da bai wuce santimita 2 ba: kashi 94.3 cikin 100 na waɗanda aka cire wa ɗaki ɗaya suna raye bayan shekara 5, waɗanda aka cire wa sashe kuma kashi 91.1. Ita ma ƙofar shiga ta ragu. Da can sai an tsaga daga baya zuwa gefe an buɗa haƙarƙari da ƙarfe. Tun farkon shekarun 1990 ana huda 'yan ƙananan kafofi a zura kyamara, likita yana kallon allo yana aiki, yanzu ma har da na'ura mai hannuwa da likita ke sarrafawa daga kujera. Majinyaci ya kwana kaɗan da robar tsiyayar ruwa a gefe, a sallame shi.

Ku sake duba alƙaluman nan na Japan. Fiye da mutum 9 cikin 10. Amma ku dubi sharaɗin: santimita 2, abin da bai kai faɗin silen dala ashirin ba. Ƙullutu irin wannan ba ya sa tari, ba ya sa rama, sau da yawa ko a hoton ƙirji ba ya fitowa sai a sikana. A nan ne na gane kallon da likitan Yawunde ya yi mana. Ana yi wa mutum tayin aiki ne in ciwon yana wuri ɗaya, a mataki na 1 ko na 2, ko wani ɓangare na mataki na 3, kuma in gwajin hura iska ya nuna sauran huhun zai riƙe shi. Akwai ma wani nau'i mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kashi 15 cikin 100, mai saurin bazuwa, wanda ba kasafai ake masa aiki ba. In likita ya ce za a yi aiki, yana nufin akwai fatan warkewa sarai. In ya ce ba za a yi ba, galibi saura magani ta jijiya da gashi don a rage zafi a ƙara kwana. Mu kuwa waina muka soya.

To, me ya sa namu ba sa isa da wuri? Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda aka gina aikin asibiti a Kamaru. Faransawa, waɗanda suka karɓi Garwa bayan faɗuwar Jamusawa a 1915, annoba suka sa a gaba. Sunan da ya fi fice shi ne Eugène Jamot, wanda ya yaƙi ciwon barci a kudu da ayarin ma'aikata masu bin ƙauyuka, kuma sunansa ne asibitin ciwon ƙirji na Yawunde ke ɗauke da shi. A arewa abin da ya dame su sanƙarau ne da agana da kuturta. Tsari ne na neman ciwo ɗaya a jikin mutum dubu, kuma ya ceci rayuka ba iyaka. Amma ƙwararru da manyan na'urori a kudu suka taru. Makarantar likitoci ta farko a Yawunde aka buɗe ta a 1969, na'urorin gashi kuma a Duwala da Yawunde aka fara kafa su. Arewa ta dogara da asibitocin jiha da na mishan irin na Ngaundere da Tokombere da Meskine. Ko da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, a nan ya tsaya. Mai ciwon ƙirji daga Garwa sai ya yi kusan kilomita 280 a mota, sannan ya kwana a jirgi, jimilla wajen kilomita 900, ga kuɗin masauki a garin da ba ka da kowa. Na yi wannan tafiya da mutumin da ba ya iya kwanciya sai a zaune, ba na yi wa maƙiyina fatan ta.

Ɗaya ɓangaren kuma tibi ne. Shirin yaƙi da tibi yana cikin abubuwan da suka yi aiki a ƙasar nan: magani kyauta ne, cibiyoyin gwaji sun kai har ƙananan garuruwa. Ni kaina na yi shekaru ina shela cewa duk wanda ya yi tari mako biyu ya je a auna majinarsa, kuma ba na nadamar wannan. Ma'aikacin lafiya da ya ga rama da tari da jini ya ce tibi ne, mafi yawan lokuta gaskiyarsa ce. Sai dai kama da wane ba ta wane. Alamomin iri ɗaya ne, inuwar da ke hoton ma takan yi kama, wani lokaci ma ciwon biyu ke haɗuwa a mutum ɗaya. Wata shidan da ake jiran magani ya yi aiki sun isa ƙullutu ya tashi daga sashe ɗaya ya kai hanta ko ƙashi. Ciwon da ya horar da likitocin ƙirji a Turai, shi ne a nan yake tare musu ƙofa.

Sai kuma namu laifin. Kowa a Hausare da Fulɓere ya san maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na yi tunani a kan inda wannan magana ta samo asali, kuma ina ganin ba daga banza ta fito ba. Mutum ya isa asibiti ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, a tsakuri nama ko a zuƙe ruwa, ya rasu bayan 'yan makonni. 'Yan unguwa suka ga an taɓa shi da ƙarfe, suka ga ya mutu, suka haɗa biyun. Na gaba in ya ji ciwo sai ya ɓoye, ya bi jiƙo da turare har shi ma ya makara, maganar ta ƙara samun shaida. Ni da na yi karatun jarida, wanda aka koya wa tambayar "wa ya ce, ina hujja", ban tambayi likita ko sau ɗaya me ya sa ba za a yi aikin ba.

Abubuwa suna ɗan motsawa. Yanzu ana horar da likitoci a nan Garwa, a tsangayar da ta fara a ƙarƙashin jami'ar Ngaundere kafin a kafa jami'ar Garwa a Janairun 2022, ga kuma sabon babban asibiti da aka gina da tallafin rancen Koriya ta Kudu. A lokaci guda kuma ina wucewa ta Yelwa da dare ina ganin samari sun kewaye tukunyar shisha, mata kuma har gobe cikin hayaƙin icce suke wuni a madafar da ba ta da taga.

Kwanakin baya na gayyaci wani likita cikin shirinmu na lafiya. Na roƙe shi ya faɗi abu ɗaya da mai sauraro zai iya riƙewa. Ya ce duk wanda ya haura shekara 40, musamman in ya sha taba, aka ɗora shi a kan maganin tibi alhali gwajin majina bai nuna ƙwaya ba, in ya yi wata biyu bai ji sauƙi ba, kada ya daina maganin da kansa, amma ya koma ya nemi a yi masa sikana, in an ga ƙullutu ya yarda a tsakuri nama. Saura minti biyar mu rufe sai wata mata ta bugo, ta ce daga wajen Lagdo take. Ta ce, "Likita, maigidana masunci ne, wata na huɗu ke nan yana shan ƙwayoyin, jiya ma ya yi tarin jini. 'Yan'uwansa sun ce kada a yarda a taɓa shi da..." Sai layin ya yanke, da alama katinta ne ya ƙare. Mun gwada kiran lambar sau uku ba ta shiga ba. Likitan ya maimaita amsarsa da Hausa, abokin aikina ya juya ta da Fulatanci, na ci minti biyu daga lokacin labarai muka sake faɗa. Na rubuta lambar a bayan takardar shirin, kowace Laraba kafin mu shiga ɗakin watsa shiri nakan gwada ta.